Beli kafin kamu a rigimar haraji: abin da za ka yi in takardar gayyata ta same ka a Legas

Tun da sabbin dokokin haraji suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, hukumar harajin tarayya FIRS ta koma NRS, akwai tambayar da ke yawo a bakin mutanenmu daga Mil 12 zuwa Agege zuwa Alaba Rago har wajen 'yan canji da masu fito da kaya a Apapa: wai in an aiko maka da takardar gayyata kan haraji, za ka iya riga su zuwa kotu ka karɓo beli tun ba a kama ka ba? Wasu ma har cewa suke akwai lauyan da ya ce in an ba shi kaza zai kawo takardar da ba mai taɓa ka. Toh 'yan uwa, a dokar Najeriya babu wani abu mai suna beli kafin kamu. Beli a nan na wanda aka riga aka tsare ne ko aka gurfanar. Akwai wata hanya dai da ake bi ta kotu kafin kamun, zan zo kanta, amma ba ta da tabbas kuma alƙalai kansu ba su haɗu a kanta ba, saboda haka kar ka ɗora rayuwarka da dukiyarka a kanta.

Inda ake da wannan belin da gaske shi ne Indiya, ina jin ma daga fina-finansu yawancinmu muka san shi, ka ga lauya ya shigo ofishin 'yan sanda da takarda ya ce ba ku da ikon tsare shi. Su a rubuce yake a dokarsu, sashe na 438 na tsohuwar dokar shari'ar laifuka ta 1973, wanda ya koma sashe na 482 a sabuwar da ta fara aiki a Yulin 2024. Amma ko a can ɗin da aka zo kan haraji sai kan kotuna ya rabu. Harajinsu na kaya da hidima, GST, ya fara a Yulin 2017, kuma dokarsa ta ba kwamishinan haraji ikon sa a kama mutum in yana da dalilin yarda cewa an yi laifi irin buga rasit na bogi, in kuɗin ya haura rupi miliyan 50 kuwa laifin ya zama mai nauyi, ɗaurinsa na iya kai shekara 5. A 2019 babbar kotun Telangana ta ƙi ba wasu 'yan kasuwa kariya, ta ce ba sai an gama lissafin harajin ba kafin a yi kamu. A wannan shekarar dai babbar kotun Madras ta ce a'a, a fara tantance abin da ake bin mutum tukuna. Ta Bombay kuma tana ba mutane kariya daga kamu. Kotun ƙolinsu da kanta ta ce ta ga manyan kotuna sun saɓa. A 2023 wasu alƙalanta suka ce wanda aka yi wa sammacin haraji kawai ba zai nemi belin kafin kamu ba, sai a Fabrairun 2025, a shari'ar Radhika Agarwal, alƙalai uku suka warware maganar: mutum zai iya nema in tsoron kamun nasa na da tushe, dole jami'i ya rubuta dalilansa kafin ya kama, kuma ba a yarda a yi wa mutum barazanar kamu don a tilasta masa biya ba. Na kawo wannan ne don masu harkar magunguna da yadi da ke shiga Mumbai da Delhi su san cewa a can ƙofar a buɗe take, kuma don ka ga ko ƙasar da ta rubuta abin a doka sai da ta yi shekaru tana jan maganar. Mu da ba mu rubuta ba fa?

Abin da muke da shi a nan shi ne ƙarar kare haƙƙin ɗan Adam. Sashe na 46 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda aka tauye masa haƙƙi, ko ake kan tauyewa, ko ake shirin tauyewa, zai iya zuwa babbar kotu. Wannan na ukun shi lauyoyi ke kamawa, su ce ga shi ana shirin kama wanda nake karewa ba bisa ƙa'ida ba, a hana. Wani alƙalin ya bayar, wani ya yi fatali da ita. A 2005 kotun ɗaukaka ƙara, a shari'ar gwamnatin Anambra da Chris Uba, ta ce mutum ya ruga kotu don a kare shi daga binciken laifi katsalandan ne ga ikon da tsarin mulki ya ba masu bincike. Amma daga baya babbar kotun tarayya a Fatakwal ta ba tsohon gwamnan Ribas Peter Odili odar da ta hana EFCC kama shi. Na kwanan nan da kowa ya gani shi ne na tsohon gwamnan Kogi Yahaya Bello a 2024, babbar kotun jihar Kogi ta ba da odar kare shi, babbar kotun tarayya a Abuja kuma ta ba da sammacin kamo shi, daga ƙarshe dai a Nuwamban shekarar sai da ya je hannun EFCC aka gurfanar da shi. Waɗannan ba shari'o'in haraji ba ne amma da su za a auna taka in ka je. Kuma ka lura da su wa ake magana, manyan 'yan siyasa ne da tsofaffin gwamnoni masu rundunar manyan lauyoyi. Kai mai tirela biyu ta albasa ko shago a Idumota, in ka zuba kuɗinka a wannan hanyar ita kaɗai wallahi ina jin tsoron ka yi gudun gara ka faɗa gidan zago, ga kuɗin lauya ya tafi ga hukuma ta sa maka ido a matsayin mai gudu.

Toh me za ka yi ranar da takardar ta zo? Kafin komai ka tabbatar ta gaske ce kuma ka san daga ina take. A Legas 'yan damfara na buga irin waɗannan takardu, su kira ka a waya su ce ka zo a sasanta a wani otal ko ka tura kuɗi wani akawun na mutum. Haraji ba a biyan sa a akawun ɗin mutum. Ka ba wanda ya iya karatu sosai ya duba maka sunan hukumar, lambar fayil, ranar da aka rubuta da ranar da aka ce ka zo, sannan a je ofishinsu a tambaya. Harajin kuɗin shigarka kai mutum na jihar da kake zaune ne, wato hukumar harajin jihar Legas, LIRS, da ke Alausa a Ikeja, ko da kuwa iyalinka na Kano ko Sakkwato. Harajin kamfani da VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan kaya da hidima, na tarayya ne, NRS. Kuɗin fito na kwastan ne. In kuwa takardar daga EFCC take, wadda ofishinta na Legas ke titin Awolowo a Ikoyi, toh maganar ta wuce lissafi, ana zargin laifi ne. Ka rubuta ranar da takardar ta shigo hannunka a bayanta, don kwanaki daga nan ake fara ƙirga su.

Sai ka gane wace iri ce, a nan ne mutanenmu suka fi yin asara. Akwai takardar da ke cewa mun ƙiyasta harajinka kaza ne, ka biya. Wannan bashi ne ba laifi ba, kuma kana da kwana 30 ka rubuta musu cewa ba ka yarda ba tare da dalilanka da abin da kai ka yarda ana bin ka. In ka yi shiru ka jefa ta a durowa kwana 30 suka wuce, lissafin ya zauna, ko da kuwa ƙiyasi ne kawai suka yi saboda ba ka taɓa kai musu bayanin cinikinka ba, kuma irin wannan ƙiyasin ba ya zuwa da sauƙi. In ka rubuta suka ƙi, akwai kotun sauraron ƙorafin haraji, tana da reshe a Legas, ita ma kwana 30 ne. Akwai kuma abin da doka ta ɗauka laifi ne: ka karɓi VAT na kashi 7.5 daga hannun masu saye ka riƙe, ka cire haraji daga albashin ma'aikata ko kuɗin ɗan kwangila ba ka miƙa ba, ka kai bayanin ƙarya da gangan, ka yi amfani da takardar shaidar biyan haraji ta jabu, ko ka sa yaran shago su hana jami'i aikinsa. Waɗannan su ke kai mutum sel. Maganar takardar jabu ina so a ji ni da kyau, da yawa daga cikinmu wani ejan suke ba kuɗi ya kawo musu takarda ba su taɓa ganin rasit ɗin banki ba, ranar da aka duba aka ga ba ta cikin kwamfutar hukuma sunanka ne a kai ba na ejan ba.

Kar ka gudu. Na san abin da zuciya ke fara raya wa mutum shi ne ya kashe waya ya hau motar dare ya tafi gida har ƙura ta lafa. Ba ta lafawa. Rashin amsa gayyata shi ne hujjar da suke kai wa alƙali su karɓo sammacin kamu, kuma ranar da aka kama ka shi ne dai za a karanta wa kotu don a hana ka beli, a ce ai mai gudu ne. In ranar da suka sa ba ta yi maka ba, lauya ya rubuta wasiƙa ya nemi a ɗaga ya ba da wata rana, a kai ofishin a buga hatimin karɓa a kwafinka. Wannan kwafin mai hatimi ya fi maka duk wani alƙawarin baka, don shi ne shaidar cewa kai ba ka ɓuya ba.

Lauya kuma ka nemi wanda ya san haraji da shari'ar laifi, ba wanda ya rubuta maka yarjejeniyar hayar shago ba. Ka gaya masa gaskiya duka har abin da kake jin kunya. Tare da shi a samu akanta ya haɗa takardu: bayanin banki na kowane akawun da ciniki ke shiga har na fos, rasit na duk harajin da ka taɓa biya, takardun rajistar kasuwanci, takardun kwastan in kana shigo da kaya, da littafin shago ko da da biro aka rubuta. Doka na so a ajiye bayanan kasuwanci na shekara 6. Mu kuma matsalarmu kuɗin mutane da yawa na bi ta akawun ɗinmu, wannan ya turo a saya masa kaya, wancan ya ba ka saƙo ka kai gida, ga adashi ga kuɗin dillanci, jami'in haraji kuwa in ya ga miliyan 200 ta shiga zai ɗauka duk cinikinka ne sai ka nuna masa ba haka ba. Ka zauna da akanta ku bi alat ɗaya bayan ɗaya ku ware naka da na amana, masu kuɗin su rubuta shaida. Aiki ne mai cin rai amma shi ne ainihin kariyar. Kuma don Allah kar a goge komai a waya, kar a yaga littafi, kar a buga sabon rasit da tsohuwar rana, wannan sabon laifi ne da ya fi na farkon muni.

Abin da na fi so ka shirya tun kafin ka taka ƙafa shi ne masu tsaya maka. Tunda ba a ba da beli kafin kamu, abin da za ka iya shi ne ka sa belin ya zo da sauri in an tsare ka. Hukumomi na ba da nasu belin a ofis ba sai an je kotu ba, amma da sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan Legas su ke kayar da mu. Sau da yawa za a ce mutum biyu mazauna Legas masu adireshin da za a je a gani, wani lokaci a ce ma'aikacin gwamnati mai wani mataki, ko mai fili ko gida a cikin jihar, kuma kotunan majistare na nan sun saba neman mai tsayawa ya nuna shaidar yana biyan haraji ga gwamnatin Legas. Alhajin da kake taƙama da shi yana da gidaje goma a Kano amma a nan haya yake kuma bai taɓa biyan LIRS ba, toh ba zai yi ba. Na ga mutum ya samu beli a rana ɗaya ya ƙara makonni a tsare saboda an rasa mai cika sharaɗi, wannan abin na ci mini rai ƙwarai don da an shirya da bai kwana ba. Ka je wajen shugabannin kasuwarku da fadar Sarkin Hausawan unguwarku tun yau, a san su wa ke da takardun da suka cika, su zo da katin shaida da hotuna da takardar biyan wuta. Mace ma na iya tsaya wa mutum, doka ta faɗa ƙarara, saboda haka in Hajiya ce ke da takardun kar wani ya ce ba za ta yi ba. Sannan ka kauce wa 'yan tsaye na haya da ke yawo a harabar kotu, in aka gano takardunsu na bogi ne belin ya rushe.

Ranar zuwa, ka je da safe a farkon mako, Litinin ko Talata. Kar ka yarda ka je Juma'a da yamma ko jajibirin hutu. Tsarin mulki a sashe na 35 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu, Legas kuwa ko'ina akwai kotu, amma Asabar da Lahadi ba a zama. Ka ci abinci, ka ɗauki maganinka in kana da hawan jini ko suga, ka bar wa ɗan uwa ɗaya lambar lauya da makullin shago. Kar ka ɗauka wai don da ƙafarka ka je ba za a riƙe ka ba, jami'ai biyu na kamfanin hada-hadar kuɗin intanet Binance da suka zo Abuja ganawa da hukumomi a Fabrairun 2024 tsare su aka yi, ɗayansu Tigran Gambaryan sai Oktoba ya bar ƙasar duk da an cire sunansa daga tuhumar haraji tun Yuni.

A cikin ofis ka yi ladabi amma ka san haƙƙinka. Kana da ikon yin shiru har sai ka gana da lauya. Dole a sanar da kai dalilin kamun a rubuce cikin awa 24 da harshen da kake ji, haka tsarin mulki ya ce, saboda haka in Turancinka na ciniki ne kawai ka faɗa ba kunya, ka ce a kawo tafinta, dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta tanadi haka wajen rubuta bayani. Kar ka sa hannu ko ka dangwala a kan abin da ba a karanta maka ka gane ba. Kar ka yi hasashen lamba, in an ce nawa ka sayar a 2023 ka ce yana cikin takardu. In suka ce ka rubuta alƙawarin biyan kaza yanzu a sake ka, ka tsaya lauya ya gani, don wannan takardar gobe ita za a ɗaga a ce ka amsa. In akwai ɓangaren da ka san da gaske ana bin ka, biyansa ta banki da karɓar rasit yana taimaka maka sosai, kuma ana iya neman a raba maka biya kashi-kashi. Cin hanci kuwa kar ka fara. Haka nan doka ta hana a kama matarka ko ɗanka ko yaron shagonka a madadinka, ta kuma hana kamu a kan bashi ko saɓa yarjejeniya zalla.

Yanzu sai maganar zuwa kotu kafin kamu, yaushe take da amfani? Tana da amfani in kana da abin nunawa a hannu. Misali ka amsa gayyata sau da yawa ana ta yi maka barazanar sel in ba ka biya nan take ba alhali ƙorafinka na gaban kotun haraji, ko an riga an tsare ka an sake ka ana neman maimaitawa, ko an zo an ɗauki ɗan uwanka. A nan lauya zai shigar da ƙara ƙarƙashin ƙa'idojin kare haƙƙi na 2009, waɗanda suka ce a sa ranar sauraro cikin kwana 7, kuma in akwai matsananciyar buƙata alƙali na iya ba da odar wucin gadi. Dabarar tana wajen abin da kuka roƙa. In kuka ce a hana hukuma bincikenka ko gayyatarka kwata-kwata, kun faɗa bakin hukuncin 2005 ɗin nan kuma da wuya ku tsira. In kuka ce ga shi yana ba da haɗin kai, ga wasiƙunsa masu hatimi, muna roƙon kar a tsare shi fiye da abin da tsarin mulki ya yarda kuma kar a yi amfani da kamu wajen karɓar kuɗin da ake jayayya a kai, wannan roƙo ne da alƙali zai iya amsawa ba tare da ya ɗaure hannun hukuma ba. Ka tambayi lauyanka wace kotu zai je, don in hukumar tarayya ce kuma maganar kuɗin shigar tarayya ce, babbar kotun tarayya da ke Ikoyi ta fi zama lafiya, an sha korar ƙara bayan watanni saboda kawai an kai ta inda ba hurumi. Ko an ba ka odar ma ka ci gaba da amsa gayyata, kuma ka sani tana iya faɗuwa ranar da ɗaya ɓangaren ya zo ya yi nasa bayanin.

In kuma an riga an tsare mutum, 'yan uwa kar a tsaya ana ta kiran manya a waya kwana da kwanaki. Awa 24 ta wuce ba beli ba kotu, lauya na iya sanar da kotu ta sa a kawo shi, kuma ɗan uwa na iya rantsuwa a madadinsa tunda shi yana ciki. Ku sa ido kan odar ajiya da hukuma ke karɓowa daga majistare don ta ci gaba da tsare mutum, a dokar tarayya kwana 14 ce a karon farko kuma ana iya sabunta ta, lauya na da damar neman beli a wannan zaman. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nufi ofishin lauyoyin kare talaka na jihar Legas ko hukumar ba da agajin shari'a ta tarayya, kyauta suke yi. In daga baya kotu ta ga tsarewar ba ta kan ƙa'ida, sashe na 35 ɗin dai ya ce a biya diyya a kuma ba da haƙuri a bainar jama'a.

Bayan an fito kuma kar a ce shikenan. Beli bai goge ko kwabo daga lissafin harajin ba, kwana 30 ɗin nan na ƙorafi na ci gaba da tafiya ko kana tsare, saboda haka a sa wani ya kai wasiƙar a kan lokaci. Ka riƙa zuwa duk ranar da aka ce ka dawo don kar ka jefa waɗanda suka tsaya maka cikin bala'i, in za ka yi tafiya gida ko Umara a sanar a rubuce. Sannan ka buɗe akawun daban na kasuwa ka raba shi da na gida da na saƙon mutane, ka riƙa kai bayanin kuɗin shigarka na shekara kafin 31 ga Maris, na VAT kuma kafin 21 ga watan da ke biye in kana cikin masu karɓa, kowane rasit ka ɗauke shi hoto ka tura wa wani amintacce a gida.